Gwaggo da Masu Jegon da Ba Su da Gida

A ƙarshen damanar nan Gwaggo ta cika shekara bakwai a ƙasa. Surukata ce, uwar mijina, don haka kada mai karatu ya jira in faɗi sunanta na yanka. Ban faɗe shi tana da rai ba, ba kuma a jarida zan fara ba. Gwaggo dai kowa ke ce mata a unguwarmu ta Talata Mafara, har waɗanda suka girme ta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan dafa abin sadaka in raba wa maƙwabta, a yi mata addu'a, shi ke nan. Bana na kasa tsayawa a nan. Akwai wata mai jego da ɗanta a hannuna, a gidan da Gwaggo ta bar mana, ana so in fitar da su, ban san yadda zan yi da su ba, kuma wadda zan tambaya ba ta nan.

Gidan da nake nufi ba gidan aurenta ba ne. Wani tsohon sito ne a bakin unguwa, na zamanin da noman rani ke tashe, lokacin da ruwan madatsa ya jawo mana baƙi daga ko'ina: Zabarmawa 'yan ƙwadago, Buzaye masu gadi, Yarbawa makanikai, 'yan ƙabilar Ibo masu sayar da kayan gyaran inji. Da aka daina ajiye taki a cikinsa, mutanen unguwa suka yi karo-karo suka gyara rufi, aka haƙa rijiya, aka naɗa kwamitin dattawa, aka kafa allo a ƙofa mai cewa cibiyar al'umma. Rubutun allon ya daɗe da gogewa, ba kuma wanda ya taɓa kiran wurin da wannan suna. Gidan Gwaggo ake cewa. A zauren gaba ake karatun manya da koyon ɗinki, a nan ake sasanta mai gida da ɗan haya, daga nan ake samo wanda zai raka baƙon da bai iya Hausa ba zuwa asibiti. Amma abin da ya kai sunan gidan har Bakura da Maradun, ɗakuna biyu ne na can baya da wani murhu a tsakar gida.

Kowa ya san yadda muke yi. Mace ta haihu, balle haihuwar fari, gidan iyayenta za ta tafi wanka. Uwa ce za ta hura wuta, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta gasa 'yarta safe da yamma, ta ɗura mata kunu ko tana so ko ba ta so, ta hana ta ɗaukar ko tsintsiya, sai an yi arba'in a mayar da ita ɗakinta da gara. Abin da ba mu taɓa tambayar kanmu ba shi ne, wadda uwarta ke can bayan Agadas fa? Wadda tata uwar ta rasu fa? Gwaggo ma ba zama ta yi ta yi wannan tunani ba, karo ta yi da abin. Wata rana tana dawowa daga gona ta ga wata Buzuwa, matar wani mai gadi, tsugune a bakin magudanar ruwan noma tana wanki da ruwan sanyi, jaririnta kwance a kan buhu, ko suna ba a yi ba. Waɗanda suka ga abin sun ce har kasuwa ana jin muryar Gwaggo tana zazzaga wa mijin faɗa.

“Kai wane irin namiji na? Kashe ta kaka son yi? In ba ka da icce, ba ka da bakin tambaya?”

Bawan Allah bai ji rabin abin da take faɗa ba, ya dai ga ta saɓa jaririn ta tasa matarsa gaba. A ranar aka share ɗakin baya na sito.

Gajeriya ce, ga faɗa, ga rowar yabo. Na zauna da ita shekara da shekaru ban taɓa jin ta ce miyata ta yi daɗi ba, iyakarta ta ce, “Yau dai an ci.” Amma duk macen da aka kawo mata, tambaya ɗaya take yi: “Ina uwakki take?” Idan aka ce tana nesa, ko ta rasu, magana ta ƙare, sai a ɗora ruwa. Ba ta tambayar ƙabila, ba ta tambayar addini. Mama Ngozi, matar wani mai shagon kayan babur, ranar farko da ganyen nan mai zafi ya sauka a bayanta ta ƙwalla ƙara ta kira sunan duk wanda ta sani a garinsu. Daga baya da ta warware take gaya mana ashe su ma haka suke yi, uwa ce ke zuwa ta zauna da 'yarta ta gasa ta, tata uwar ce tsufa ya hana hawa mota. Da matan cocinsu suka zo barka suka cika tsakar gida da waƙa, wasu maƙwabta suka aiko a ce su yi shiru ko su fita. Gwaggo ta fito ƙofa da muciya a hannu. “Dangin mai jego na,” in ji ta. “Gidan ga ba a korar dangin mai jego.” Tun daga ranar maganar ta zama doka, ko da yake babu inda aka rubuta ta.

Ba waliyyiya ba ce, kada a ce na yi mata kwalliya don ta mutu. Ta daɗe tana rigima da ma'aikatan asibiti a kan kanwa da zafin ruwa. Suna cewa yawan kanwa a kunu da ruwan da ke sale fata su ke kumbura mata su taɓa musu zuciya, ita kuwa tana cewa da haka aka gasa uwarta da kakarta. Sai da wata mai jego ta kumbura a hannunta, aka kwashe ta zuwa asibiti, da ƙyar ta sha, sannan Gwaggo ta sauko. Ba ta ce ta yi kuskure ba, wannan kam ba halinta ba ne. Kawai muka ga kanwa ta ɓace daga kunu, ana sirka ruwa, kuma duk wadda ƙafarta ta ɗan tasa, Gwaggo da kanta ke kai ta wurin likita tana mita a hanya.

Ni ma ta hannunta na bi. 'Yar Bakura ce ni, mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, don haka da na haifi 'yata ta fari babu gidan da zan tafi. Kunya ta kusa kashe ni, a ce suruka ce za ta tuɓe ni ta yi mini wanka. Ta ce in ajiye kunyar a bakin ƙofa, in na yi arba'in in ɗauki abata. A ɗakin na tarar da wata Bafulatana mai suna Dije, daga wata ruga ta bayan Damaga, wadda ke kawo tallan nono ƙofar gidan duk ranar Talata. Tata uwar ta bi shanu kudu ba ta dawo ba. Ita ma mace ta haifa, aka sa mata Hassatu. Tare aka gasa mu, tare muka yi ta zubar da kunu ta taga idan Gwaggo ta juya baya. Dije ce kaɗai na taɓa gani tana mayar wa Gwaggo magana. Gwaggo ta ce mata rabin abin da ke cikin ƙwaryarta ruwan rafi ne, ita kuma ta ce gara ita, ruwa kawai take ƙarawa, ba mutane take dafawa da ransu ba. Sai su yi ta dariya har jarirai su farka. Duk 'ya'yan da Dije ta haifa bayan nan, a ɗakin nan ta yi wankansu.

Ciwon da ya ɗauki Gwaggo bai daɗe ba. A lokacin an fara jin abin da ke faruwa a daji, ana kore shanu, ana tare hanya jefi-jefi, amma muna ganin abu ne na can nesa da zai wuce. Ranar da ta rasu tsakar gidan nan bai ɗauki mata ba. Na ga Zabarmawa, na ga Buzaye, na ga Mama Ngozi ta yafa gyale tana kuka kamar uwarta ce ta mutu. Dije ta zo a ƙafa, ta ajiye ƙwaryar man shanu, ta zauna a gefen murhu har yamma. Makullin gidan kuwa ba wanda ya damƙa mini shi. Yana rataye a ƙusa, aka kawo wata mai jego bayan an watse daga zaman makoki, kowa ya kalli kowa, ni kuma na miƙa hannu. Malamar firamare ce ni, ban taɓa tsammanin zan ƙare da ƙaurin hayaƙi a tufafina ba.

Shekara uku bayan nan aka kashe mijina a hanyar Maradun. Ya je duba gona ne, shi da wasu a mota ɗaya. Ba zan ba da labarin yadda aka kawo shi ba. Zan dai ce na gode wa Allah da Ya ɗauki Gwaggo kafin ranar, don shi kaɗai ne ɗanta namiji, kuma har yau idan na ji mota ta taka birki a ƙofar gida sai in tashi in leƙa. Wanda ya tsira a cikinsu ya ce da Fulatanci maharan ke magana. Wannan kalma ɗaya ta ishi unguwa.

Dije ba ta zo mini gaisuwa ba, abin kuma ya ci mini rai ƙwarai. Sai daga baya wani mai babur da ke shiga ƙauyukan can ya kawo mini saƙonta. Ta kamo hanya har ta hango gari, sai ta juya, tana tsoron kada ganin fuskarta ya ƙara mini ciwo, tana kuma tsoron abin da matasa za su yi mata a tasha. Ba ita kaɗai ce ta ɗauke ƙafa ba, masu nono duk suka ɓace daga ƙofarmu. A gari ana ce musu infoma, masu leƙa wa 'yan bindiga asirin mutane. A daji kuma masu bindigar na cewa su ke kai rahoto gari, suna kore musu shanu kamar yadda suke kore na kowa.

Ɗakunan baya ba su zauna haka nan ba, sai ma cika da suka yi. Yanzu masu jegon namu ne, Hausawa, matan Gidan Goga da sauran ƙauyukan Maradun, har da na wajen Ruwan Gizo, waɗanda ke da uwa da gida har jiya, yau gidan ya zama kufai. Ajin ɗinki ya cika da zawarawan da ba saki ne ya raba su da mazansu ba. Itace ya yi wuya saboda ba mai shiga daji, muka koma kara da ƙaiƙayin shinkafa. A cikin wannan hali kwamiti ya zauna ya yanke cewa ba za a ƙara karɓar kowa daga ruga ba. Hujjarsu ita ce dokar Gwaggo kanta: mai jego na da dangi, dangi za su riƙa shiga da fita, wa ya san wanda zai shigo da sunan barka ya ƙare wa gidajen unguwa kallo? Shugaban kwamitin, Alhaji Bawa, ba mugu ba ne, shi ya sayi kwanon rufin ɗakunan nan. An ɗauke masa ɗa a gona, har yau babu gawa babu labari. Aiko mini da hukuncin aka yi, ba a nemi shawarata ba, babu kuma wata 'yar ruga da ke zuwa balle a kore ta, don haka maganar ta kwanta.

Mutane na yawan ce mini, da Gwaggo na nan da ba a yi haka ba. Bakinsu ne, su faɗa. Ni da na zauna da ita ba ni da wannan tabbaci. Gwaggo ba ta taɓa wanke jinin ɗanta daga riga ba. Ba ta ga matan da ta san iyayensu suna zaune a rumfunan kasuwa da 'ya'ya da tukwane ba. Wataƙila da ta fito da muciyarta ta kori kwamitin gaba ɗaya. Wataƙila kuma da ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ba ta ƙara hura wuta don kowa ba. Mamaci ba ya musu, kowa na iya sa masa maganar da yake so a baki. Abin da na sani kawai, da ta ga irin kallon da mai nono da mai gero ke yi wa juna a kasuwa yanzu, da ta yi kuka, ita da ba ta kuka a gaban mutane.

Bana, dab da faɗuwar damina, wata Talata na taso daga makaranta na tarar da wata mata zaune a zauren gidana cikin dogon hijabi. Babu ƙwarya, babu komai da zai nuna daga inda ta fito. Sai da ta ɗago kai na gane Dije. Ta rame ta yi baƙi, haƙoranta na gaba sun zube. Muka gaisa kamar jiya muka rabu, ina gajiya, ina gida, ina yara, ya ƙarin haƙuri. Gaisuwar mutuwar da ba ta yi ba, a ranar ta yi ta, muka yi kukanmu tare, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

“Hassatu na da ciki, watanta ya tsaya. Na hwari na.”

“Masha Allah. To ai ga ki da ranki, sai ki gasa abinki.”

“Da wace wuta, Malama? Ba mu daɗewa wuri guda. In munka hura wuta tad daɗe, hayaƙi na kiran mutane, ko waɗanga ko waɗancan. Tuwo ma da gaggawa muka yin shi mu kashe. Ina ni ina tahwasa ruwa sahe da marece har arba'in?”



“Gidan Gwaggo anka gasa ni da nih haihe ta,” in ji Dije. “Ki gasa mani ita.”

Washegari na aika a gaya wa Alhaji Bawa ina son ganinsa. Ya zo zauren gaba bayan la'asar, muka gaisa, na faɗa masa. Ya daɗe yana jan carbi.

“Malama, ke da anka kashe ma miji, ke ka kawo muna wagga magana?”

“Ni ɗin dai, Alhaji. Dije ba ta kashe mani miji ba. Ɗiyag ga kuwa gabana anka raɗa mata suna.”

“Ba ita nika tsoro ba. Masu zuwa barka nika tsoro.”

“To a hana su zuwa.”

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba, amma a kanta aka daidaita. Hassatu za ta zo ita kaɗai, ba miji, ba uwa, ba mai leƙe, ranar da ta yi arba'in kuma ta kama hanya. Na koma gida raina a jagule. Na samo wa yarinyar ɗaki, amma da dokar Gwaggo na saya.

Mai babur ɗin nan ne ya kawo ta, da ƙullin kayanta a cinya. Doguwa ce, mara magana. A asibiti ta haihu, namiji, muka dawo da ita ɗakin da uwarta ta yi jegonta. Akwai wata mai jego a ciki, 'yar Gidan Goga, wadda aka kashe mijinta tana da ciki. Da ta ji harshen da Hassatu ke yi wa jariri wasa da shi, ta juya fuska bango, ta ce a raba musu kwano. Ban tilasta mata ba, da wane baki? Na dai ci gaba da ɗora ruwansu a tukunya ɗaya, don babu itacen tukunya biyu. Wata safiya na fito da Hassatu daga makewayi na tarar jaririn, da muka bari yana tsala kuka, ya yi lamo a kafaɗar 'yar Gidan Goga, tana jijjiga shi fuskarta a murtuke. Ta miƙa shi ba ta kalli uwar ba. “Cika mani kunne yay yi,” in ji ta. Ba su zama aminai ba, amma kwanon ya koma ɗaya.

Ban taɓa ganin suna mai shiru irin wannan ba. Uban yaro ya aiko da sunan ta bakin mai babur, Dije ta aiko da ɗan man shanu a gwangwani. Liman ya yi addu'a a ƙofa, wanzami ya yi aski, matan ajin ɗinki suka haɗa abin da ya sawwaƙa aka yi yanka. Mama Ngozi, da yanzu sai da sanda, ta zo da sabulu da atamfa. Babu wanda ya rangaɗa guɗa daga dangin uwa ko na uba. Hassatu ta yi kwalliya ta zauna tana kallon ƙofa, ko da yake ta san sharaɗin, har rana ta faɗi.

Da arba'in ta matso na fara haɗa mata 'yar gara, don ba zan mayar da 'yar Dije hannu rabbana ba. Na aiki mai babur ya gaya musu ranar da za a kawo ta, su faɗi inda za a same su. Ya dawo bai shigo ba, ya tsaya a ƙofa yana murza hula. Ya ce inda ya saba samunsu babu kowa, bukkoki sun ƙone, tukwane na nan a kife. Ya tambaya a ƙauyen kusa, wasu suka ce masu bindiga ne, wasu suka ce mutanen gari ne suka je ramuwa, wasu suka ce ai sun ji motsi sun gudu tun kafin a iso. Ba wanda ya ce ya ga gawa, ba kuma wanda ya ce ya je ya duba. Wayar mijinta a kashe take. Na shiga na gaya wa Hassatu yadda aka gaya mini, ban ƙara ba ban rage ba. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki yaron ta shayar da shi.

Ranar arba'in ta zo ta wuce. Washegari da safe na hura wuta na ɗora ruwa kamar kullum.

Tsofaffinmu sun san a da mai haihuwar fari takan yi wata uku, har huɗu, tana wanka, idan uwarta ta ga jikin bai yi ƙwari ba. Uwa ce ke faɗa, ba miji ba, ba mai unguwa ba. Ba a taɓa jin namiji mai mutunci ya leƙa ɗakin jego ya ce a nuna masa ko an warke ba, ba a kuma fitar da mace daga gida ruwan wankanta na kan wuta. A kan wannan na tsaya. Ban yi shawara da kowa ba, amma matan unguwa suka gane da ganin hayaƙi. Wannan ta aiko da damin kara, waccan da buhun ƙaiƙayi. Masu koyon ɗinki idan mazansu suka tambaya sai su ce ai yarinyar ta sha wuya wajen haihuwa. Ranar da dangin 'yar Gidan Goga suka samu matsuguni suka zo tafiya da ita, ƙanen mijinta ya tambaye ta ko Bafulatanar nan ba ta tashi tafiya ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Kai ka yi mata wanka?”

Yanzu damina ta ja baya, gero ya nuna, yaron har ya fara ƙoƙarin zama. Ruwan da nake ɗorawa ɗumi kawai yake yi, Hassatu kuwa ta fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba asiri nake tonawa a jarida ba, babu wanda bai sani ba a unguwa, Alhaji Bawa ma ya sani. Makon jiya muka haɗu a ƙofar gidan. Bayan gaisuwa ya ɗaga kai ya dubi hayaƙin da ke tashi daga baya.

“Malama, wankan ga bai ƙare ba?”

“Bai ƙare ba, Alhaji. Jikin bai yi ƙwari ba.”

Daidai nan Hassatu ta gitta daga rijiya, bokiti cike da ruwa a ka, yaro a baya. Alhaji ya sunkuyar da kai.

“An ji labarin mutanenta?”

“Ba a ji ba.”

“Babu gawa, babu labari,” ya ce a hankali, ba da ni yake ba. Can ya ce, “Ni ban ga komi ba. Amma kwamiti na zama in an yanke gero, kuma ba ni ɗaya na ba. Akwai waɗanda ba ni iya tarewa. Ki biɗo mata wuri tun da sauran mutunci.”

Shekara bakwai, me ya rage na Gwaggo? Ginin yana nan, rufin ya fara yoyo. Dokarta ta dangin mai jego ta karye. Matan da ta gasa sun watsu, wasu sun koma garuruwansu saboda tsoro, wasu ba mu san inda suke ba. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne: wasu mata a unguwa ɗaya waɗanda har yanzu idan suka ga mace da ɗanyen jiki ba sa iya wucewa, ko da kuwa ransu cike yake da haushin danginta. Ban sani ba ko wannan zai ishe mu ranar zaman kwamiti, kuma ina jin tsoro. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa ruwan da ta ɗora wa 'ya'yan mutane ya zame mata sanyi a kabari.

Na bi shawarar Alhaji na nema wa Hassatu wuri. Yayana a Bakura ya ce in kawo ta, gidansa da fili, ba wanda zai dame ta da tambaya. Jiya bayan wankan yamma na zaunar da ita na gaya mata, na yi ta kwatanta mata gidan, ga ɗaki, ga rijiya, ga kwanciyar hankali. Ta saurare ni har na gama, tana share wa yaron baki da gefen zane.

“Na gode, Malama,” in ji Hassatu. “Amma in Inna na da rai, nan za ta biɗo ni.”

“To ai ina nan. In taz zo sai in gaya mata inda kike.”

“Ba ta shigowa. Kun ce kar ta zo, Inna kuwa in anka ce mata kar ta zo, ba ta zuwa. Ran da munka rabu tac ce mani, in kasuwa ta ci za ta gitta ta ƙohwa cikin hijabi kamar mai wucewa, ni in zauna inda za ta gan ni. In tag gitta ba ta gan ni ba, cewa za ta yi ni ma na mutu.”

Na daɗe ina ganin Hassatu duk ranar kasuwa zaune a bakin zaure, ta juya fuskar yaron wajen hanya, ina tsammanin iska take sha. 

Gobe Talata. Zan ɗora ruwa da wuri, don ta samu ta fito bakin zaure kafin 'yan kasuwa su fara wucewa.